Kason Injin Namadi

Namadi na Kurgu bai taɓa zama ya shanye kokonsa har ƙasan kwano ba. Ko ranar ɗaurin aurensa, liman bai kai ga shafa fatiha ba aka waiga aka ga babu takalmansa, wai ya leƙa ya ga ko goro ya isa. Siriri ne, dogo, ƙafafu kamar na zalɓe, kuma in ka tilasta masa zama, gwiwarsa ce za ta ci gaba da tafiyar ita kaɗai. Tun yana ƙarami uwarsa ta kai shi wurin masu magani, suka duba suka ce ba iska ba ne, haka Allah ya gina abinsa.

Ya yi noma da kawunsa a Sharabi, ya ce shinkafa ba ta da sauri. Ya yi acaba tsakanin Bagudo da bakin iyaka har babur ɗin ya gaji kafin shi. Ya yi teloranci wata biyu, kuma har yau akwai wani bawan Allah a Kende da ke jiran ƙafar wandonsa ta biyu. Yana da shekara ashirin da takwas, da mata da 'ya ɗaya, ya faɗa shagon Madam Modupe a Bagudo yana ɗaukar kaya. Nan ya yi wata bakwai cur, abin da danginsa suka ɗauka a matsayin karamar waliyyai.

Madam Modupe Bayarabiya ce mai sayar da kayan inji, famfon ban-ruwa da bel da fulogi. Ta yi karatun akawu can kudu kafin ta biyo mijinta, kuma Hausa a bakinta kamar a Kabi aka yanke mata cibi. Wata rana Namadi ya leƙa littafinta, ya ga kowane ƙarshen wata tana rubuta wani kuɗi a matsayin abin da janaretonta ya ci, alhali bai ga kowa ya zo ya karɓa ba. Ya tambaye ta. Ta ce masa inji ma yana ci, sai dai ba tuwo yake ci ba, kansa yake ci, kullum kaɗan-kaɗan. Mai hankali yakan ɗauki kuɗin da ya sayi injin ya raba shi a kan shekarun da zai yi yana aiki, ya riƙa cire wannan kason kafin ya kira sauran riba. Wanda bai cire ba, injinsa yake cinyewa yana zaton ciniki ne.

Maganar ta shige shi kamar allura. Ta ce wannan darasi na farko ke nan, gobe in an rufe shago ya zauna ta ƙarasa masa. To, goben nan ce aka gaya masa akwai jirgin ruwa na sayarwa a bakin kogin Kwara. Ko sallama bai yi mata da kyau ba.

Ya sayar da fadamar da ya gada, ya sayi jirgin, ya haye Malanbil a ƙasar Benin ya sayo sabon inji mai ƙarfin doki arba'in a kan sefa miliyan biyu. A lokacin naira da sauran ƙibarta, miliyan ɗaya daidai ta biya. Daga nan ya zama mai kai mata 'yan kasuwa Dole Kaina duk ranar kasuwa, su da bandar kifinsu da shinkafarsu da albasa, ya dawo da su da yamma. Sana'ar ta dace da shi, don ita kaɗai ce wadda mutum zai zauna kuma duniya ta riƙa wucewa ta gefensa.

A tashar jirgin akwai doka tun ta kakanni. Kowane jirgi yana da layinsa na lodi, kuma layin Namadi na farko ne, na bayan sallar asuba, lokacin da manyan 'yan kasuwa ke fitowa. Amma duk jirgin da ya yi kasuwa uku a jere bai yi lodi ba, Sarkin Jirgi zai ba da layinsa ga na bayansa, ko da mai shi ɗan'uwansa ne. Na bayan Namadi kuwa wani ne Muhsin, mutum mai fara'a da haƙurin jira, wanda kullum yakan gaishe da injin Namadi kafin ya gaishe da Namadin, ya tambayi lafiyar injin da kulawar da ta wuce ta maƙwabtaka.

Namadi bai manta darasinsa guda ba. Ya ba injin shekara takwas, ya lissafa kasuwa hamsin a shekara, ya raba miliyan ɗaya gida ɗari huɗu. Kowace kasuwa naira dubu biyu da ɗari biyar. Ya sayi littafi mai jan bango, ya zana gidaje ɗari huɗu da rula, ya sa maƙeri ya ƙera masa akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu. Duk ranar da ya dawo, kafin ya sha ruwa, kafin ya amsa sannu da zuwa, sai ya jefa kason inji a akwati ya soke gida ɗaya da biro.

Mutumin da bai taɓa gama komai ba, sai ga shi ya riƙe wannan kamar sallar farilla. Rufin ɗakin matarsa Ni'ima ya fara yoyo, ta jera kwanoni huɗu a ƙasa, ya ce akwatin ba nasa ba ne. Ƙanensa ya zo neman taimakon aure, ya ce akwatin ba nasa ba ne. Shekarar da aka canja takardun kuɗi, kwana uku ya yi a layin banki, yana fita yana dawowa yana rasa gurbinsa, har ya musanya su duka. Ni'ima takan gaya wa maƙwabta cewa a gidansu mutum ɗaya ne kawai aka ajiye wa gado tun yana raye, shi ne wanda ke kwana a zaure yana warin fetur.

Kuɗin jirgi ma da biro yake yanka shi. Ya haɗa mai da baƙin mai da kuɗin tasha da kason inji, ya ɗora abin cefane, ya raba kan fasinja. In mai ya tashi ya ƙara daidai tashin man, ko kwabo bai wucewa. Sauran masu jirgi, da ba su san gaban biro da bayansa ba, sukan shaƙi iskar kasuwa kawai su ƙara. Har aka kai suna karɓar dubu uku da ɗari biyar, shi yana karɓar dubu uku, yana kiransu masu lissafin ka. Mata kuwa suka yi masa caa, suna sa masa albarka, suna cewa Namadi ɗan halak ne.

Kada a ce bai bincike. Kowace shekara yakan aika a tambayo masa kuɗin irin injinsa a Malanbil, kowace shekara a dawo a ce masa yana nan sefa miliyan biyu, bai motsa ba. Sai ya ji sanyi a ransa. Kuma wannan Namadin dai shi ne kowane mako yake tsayawa gaban 'yan canji a Dole Kaina yana ƙorafin sefa ta yi tsada, in zai sayo wa Ni'ima atamfa. Kansa ɗaki biyu ne babu ƙofa a tsakani. A ɗaya sefa tana ta hawa, a ɗaya inji yana nan miliyan ɗaya kamar yadda littafi ya ce, kuma bai taɓa zama minti biyar ba balle ɗakunan su gaisa.

Injin ya cika alkawari fiye da mutane da yawa. Saura gida biyu littafin ya cika, suna dawowa daga kasuwa, ya yi tari sau uku, ya saki wani baƙin hayaƙi, ya yi shiru. Da gora suka ƙarasa gaɓa. Bakanike ya buɗe cikinsa, ya leƙa, ya mayar da murfin a hankali kamar mai rufe fuskar mamaci. Abin mamaki, Namadi har da ɗan murmushinsa. Ya cike gida biyun daga aljihunsa, ya bi tasha yana nuna wa masu lissafin ka littafin, yana cewa su zo su ga abin da ake kira ilimi.

Ranar kasuwa ta gaba, wadda ita ce ta farko da bai yi lodi ba, ya shiga jirgin Muhsin a matsayin fasinja, da jakar kuɗi ɗaure a cikinsa. Muhsin ya ƙi karɓar kuɗinsa, ya yi masa ta'aziyya har sau biyu. A Dole Kaina ya zube miliyan ɗaya gaban ɗan canji, ya ce a ba shi sefa miliyan biyu. Mutumin ya ƙirga, ya danna kalkuleta, ya juyo masa da fuskarta: dubu ɗari huɗu.

Namadi ya kwashe kuɗinsa ya tafi wurin na biyu. Ya je wurin na uku. Na huɗun wani tsoho ne, ya dube shi ya tambaye shi ko daga kurkuku ya fito. A nan tsakiyar kasuwa, tsakanin masu manja da masu gishiri, ƙofar nan ta kansa ta buɗe. Shekara takwas yana tara kuɗin inji, ya tara kashi ɗaya cikin biyar na inji.

Da yake ƙafafunsa ba su san komawa baya ba, ya canja kuɗin ya wuce Malanbil. Sabon injin yana nan a shago, sefa miliyan biyu, bai motsa ba, kamar yadda aka sha gaya masa. A bayan shagon ya ga wani ƙarami na hannu, mai doki goma sha biyar, sefa dubu ɗari shida. Ya ajiye dubu ɗari huɗunsa kafin alƙalami, mai shagon ya ba shi kwana goma ya kawo cikon, wanda a kuɗinmu ya kama naira dubu ɗari biyar.

Makon nan babu ƙofar da bai taɓa ba. Kawunsa na Sharabi ya ce kuɗinsa na cikin taki. Ƙanen nan da aka hana taimakon aure ya ce, cikin ladabi, shi ma akwatinsa ba nasa ba ne. Fadama kuwa an daɗe da sayarwa, wani ne ke cin shinkafarta. Kasuwa ta biyu ta zo ta wuce, yana tsaye a gaɓa yana kallon matansa suna shiga jirgin Muhsin. Sarkin Jirgi ya kira shi gefe ya tuna masa, ba don mugunta ba, cewa saura ɗaya. In layin ya tafi, sai lodin hantsi, lokacin da babu wanda ya saura sai masu kaza ɗaya da masu zuwa gaisuwar mutuwa.

Daga ƙarshe ya nufi Bagudo da jan littafinsa a hammata, ba don neman shawara ba, don ya kai ƙarar darasi wurin mai shi. Madam Modupe ta yi furfura, ta sa tabarau. Ta bar shi ya gama zagaye shagon yana zuba, sannan ta turo masa kujera da ƙafa, ta ɗora masa batirin mota a cinya ta ce ya riƙe mata. Ta buɗe littafin tana juyawa, har ta yaba da kyan layukan.

“Littafinka bai yi maka ƙarya ba, Namadi,” in ji ta. “Ya gaya maka abin da ka biya. Bai taɓa yi maka alkawarin abin da za ka biya ba. Wannan shi ne darasi na biyu, na goben nan da ba ka zo ba.”

Ta ce wanda ke sayen inji da sefa yana karɓar kuɗin jirgi da naira, dole kowace shekara ya sake tambayar kansa nawa sabo zai ci masa yau, da kuɗin da ke hannunsa, ya gyara kason, ya gyara kuɗin jirgi. Ta tambaye shi nawa yake karɓa, nawa sauran suke karɓa. Da ya faɗa, sai ta cire tabarau ta yi dariya har da share ido.

“To ai injinka bai ɓace ba. Matan Kurgu ne suka cinye shi, ɗari biyar-biyar, kai kana miƙa musu suna sa maka albarka.”

Rance kam ta ce ba ta da shi, kuɗinta duk sun zama bel da fulogi. Amma ta ce wanda ya ci inji shi ya san daɗin jirgin asuba, ya je ya same su. Ta ƙara da cewa in sun ba shi kuɗin tafiyar da bai riga ya yi ba, kada ya kuskura ya kira shi riba, bashi ne da zai biya da gumi, ya buɗe masa shafinsa dabam. Wannan karon ya ji har ƙarshe, don batirin yana da nauyi.

Shugabar matan ita ce Inna Zuhura mai bandar kifi, ƙawar kakarsa, wadda tun yana tsirara take kiransa maigidanta. Ta tara su su ashirin da biyar a gidanta bayan azahar, ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a tsakiya, ta ce yau za su ga abin da uwarsa ba ta gani ba. Ya fara bayani da sauri, ta ce ita kunnenta ya tsufa, ya sake. Ya sake, ta ce ita lamba ba ta shiga kanta sai da abin taɓawa. Aka kawo busasshen kifi biyar aka jera. Ya ce wannan shi ne inji, ya ɗauke ɗaya ya ce wannan ne abin da ya tara. Ta tambayi ina huɗun. Gwiwa tana ta aiki, ya nuna matan da hannu.

Wurin ya kaure. Wata ta ce ita ba ta taɓa cin ƙarfe ba, wata ta ce in haka ne ita farfelar ta samu, shi ya sa cikinta ke juyawa. Da suka lafa ya faɗi buƙatarsa: kowace ta ba shi dubu ashirin, ya riƙa kai su kyauta har kuɗin ya ƙare. Inna Zuhura ta dube shi da tausayi, ta tambaye shi in duk sun shiga kyauta, da miyau zai tayar da injin? Ita ce ta gyara masa lissafin, ta ce a riƙa rage wa kowace dubu ɗaya duk tafiya har kasuwa ashirin, sauran su biya a hannu ya sayi mai. Mai jan littafi ya sunkuyar da kai ya rubuta abin da mai bandar kifi ta ce.

Sai ta kawo nata sharaɗin. Za su bayar, yau ɗin nan ma, amma kuɗin jirgi ya tsaya dubu uku, kada ya ƙara musu ko sisi muddin suna raye. Ta kwance bakin zanenta ta fito da kuɗin ta ɗora a gwiwarta inda zai gan su da kyau.

Kwana biyu suka rage a wa'adin mai shagon Malanbil. Duk wata gaɓa ta jikinsa tana ce masa ya ce to, ya sura, ya kama hanya, a yi sauran tunanin a jirgi. Har ya ɗaga ɗuwawu ɗaya daga tabarma. Sai ya mayar. Ya ce dubu uku da ɗari biyar, kamar kowa, kuma duk shekara za a sake dubawa. Suka ce ashe bai da kunya. Suka ce Muhsin ma yana da jirgi, har da rumfa. Aka kira la'asar, aka yi salla, aka dawo, yana nan inda aka bar shi, ya danne gwiwar da hannu biyu, zufa tana bin wuyansa.

“Inna, in na yarda da naku,” ya ce, “bayan shekara takwas nan zan dawo, kan tabarmar nan, da kifi ɗaya a hannu. Ku kuma ku koma jirgin da ba a taɓa nuna muku littafi ba.”

Tsohuwar ta juya ta ce wa sauran, tun da take ba ta taɓa ganin maigidan nata ya yi awa uku wuri ɗaya ba, ko don wannan kallo ya ci a biya. Ta jefa masa kuɗinta a cinya. Uku daga cikinsu suka ce su ba da su ba, suka yafa mayafi suka fita, sai ita da wasu biyu suka cike gurbinsu, bayan ta sa ya rubuta sunanta sau biyu ta dangwala yatsa a kan kowanne.

Ranar kasuwa ta uku, ana idar da sallar asuba, Muhsin ya iso tasha da sabuwar riga, ya tarar da jirgin Namadi a gurbinsa ana lodi, da wani ɗan inji maƙale a bayansa kamar tukunyar shayi. Ya gaishe da injin, kamar yadda ya saba, amma muryar ba ta fita sosai ba.

Layi dai ya tsira. Sai dai doki goma sha biyar ba arba'in ba ne, balle ana hawan ruwa da lodi. Tafiyar da yake yi kafin rana ta yi zafi, yanzu sai rana ta kusa tsaka suke isa. Jirgin da ya tashi bayansa yakan cim masa a tsakiyar gulbi, Muhsin ya ɗaga masa hannu ya wuce ya bar shi da igiyar ruwa. Matan ba su damu ba, sun mai da jirgin zaure, suna ɓarar gyaɗa suna raba aure suna ɗaurawa. Namadi ne kawai ke can baya, riƙe da hannun inji awa biyar, ba tashi ba juyawa, gwiwa tana bugun katako har sai an ce masa zai huda jirgin.

Da sun isa Dole Kaina, kafin a gama sauke kaya, ya riga ya ruga wurin tsohon ɗan canjin nan ya mai da kason inji sefa, ranar, a tsaye. Akwatin ƙarfen yanzu kuɗin Benin ne a ciki. Littafin kuma shafi biyu ne, ɗaya na inji, ɗaya na matan da ke binsa bashin tafiya, yana soke musu gida-gida. Ni'ima ta ƙara kwano na biyar a ƙarƙashin yoyon, ta ce ta ji an buɗe wa kowa shafi, tana jiran ranar da za a buɗe wa kwanon rufi nasa.

A kasuwa ta goma sha ɗaya ne, suna tsakiyar ruwa, wani kwale-kwalen masunta mai filafili ya jera da su na ɗan lokaci. Inna Zuhura ta leƙo daga bayan kwandunanta ta ce wa maigidan nata ya daure ya ƙara wuta, kada mutanen can su riga su. Ya ce mata iyakarsa ke nan, wutar a ƙure take. Ta ce to madalla, ta gyara zama, ta miƙa masa gyaɗa.